Daga Gwarzo da Kabo zuwa Arfa: Yadda Aikin Hajji Ke Gudana

A garuruwan yammacin Kano, irin su Getso da Kutama a ƙasar Gwarzo, ko Garo a ƙasar Kabo, zancen Hajji yakan taso ne da kaka. Sai an kai masara da dawa gida, an ga abin da rumbu ya ci, an ƙiyasta kuɗin bijiman da aka turke, sannan magidanci zai san ko bana da rabon zuwa ko sai baɗi. Lissafin nan na manomi bai saɓa wa shari'a ba. Hajji shi ne rukuni na biyar a Musulunci, sau ɗaya yake wajaba a rayuwa, kuma aya ta 97 a Suratu Ali Imrana ta rataya wajibcinsa a kan samun iko.

Malaman Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa, sun faɗaɗa wannan iko. A wurinsu, mai lafiyar da zai iya takawa, yana kuma da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, Hajji ya hau kansa ko ba shi da abin hawa, muddin hanya na da aminci. Hakan kakanninmu suka yi. Sukan bi ta Barno, su ratsa Cadi da Darfur, suna tsayawa su yi ƙodago ko ɗinki ko karantarwa, har su kai Sawakin ko Port Sudan, su haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, wasu ma ba su dawo ba. Jikokinsu na nan a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA a Kano, aka koma mota, daga baya jirgin sama ya karɓe hanyar.

Yau ƙafa da sana'a ba sa kai mutum Makka, sai da kujera. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙasashen Musulmi suka amince da a ba kowace ƙasa kusan gurbi ɗaya ga kowane Musulmi dubu, saboda Mina da Arfa suna da iyakar abin da za su ɗauka. A 2023 da 2024 Saudiyya ta ware wa Nijeriya kujeru 95,000. Hukumar Aikin Hajji ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, ita ke raba su ga jihohi da kamfanonin jirgin yawo. Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano kuma ta rarraba nata kason ga ƙananan hukumomi. Maniyyacin Gwarzo ko Kabo yana farawa ne daga jami'in alhazai na yankinsa: ya biya kafin alƙalami ta banki, ya kawo fasfo, a duba lafiyarsa, a yi masa allurar rigakafi.

Me ya sa kuɗin ya hau haka? Tikitin jirgi, masauki a Makka da Madina, tantunan Mina, abinci da guzuri, kusan duka da dala ko riyal ake biya. Da naira ta faɗi, kujerar da ta tsaya kusan naira miliyan 3 a 2023 sai ta haura miliyan 8 a 2025. Don masu tarawa da kaɗan-kaɗan ne NAHCON ta ƙaddamar da asusun adashin gata da bankin Jaiz a 2020.

Daga sansanin alhazai sai filin jirgin Malam Aminu Kano. Galibi akan fara da Madina. Ziyarar masallacin Annabi (SAW) na da falala mai yawa, amma ba ta cikin ayyukan Hajji. Ibadar na farawa a miƙatin Zul Hulaifa, inda ake ɗaura harami. Yawancin alhazanmu Tamattu'i suke yi: su fara da Umara, wato ɗawafi bakwai a Ka'aba, sa'ayi bakwai tsakanin Safa da Marwa, da aski ko saisaye, sannan su kwance harami su jira.

Ranar 8 ga Zul Hajji sai a sake ɗaura harami da niyyar Hajji, a fita Mina a kwana. Ranar 9 a wuce Arfa, a haɗa Azahar da La'asar, a dukufa addu'a har rana ta faɗi, sannan a nufi Muzdalifa. Ranar 10, wadda mu a gida muke Babbar Salla, alhaji zai jefi Jamratul Aƙaba da tsakuwa bakwai, a yanka hadaya, ya yi aski, ya je ɗawafin Ifada da sa'ayi. Ranakun 11 da 12, da 13 ga wanda ya ƙara, na jifa ne a wurare uku.

Ayyukan nan ba nauyinsu ɗaya ba. Rukunai huɗu ne a Malikiyya: harami, tsayuwar Arfa, ɗawafin Ifada da sa'ayi, kuma yanka ba ya maye gurbin ko ɗaya. Wajibai kuwa, kamar jifa da kwanan Mina a dararen jifa, wanda ya bar su zai gyara da yanka dabba. Akwai kuma wata gaɓa da ke kuɓuce wa mutane: a wannan mazhaba, rukunin Arfa yana cika ne da kasancewa cikin filin ko da ɗan lokaci bayan faɗuwar rana. Mai gaggawar neman mota da ya tsallake iyaka tun da sauran rana, bai kuma komo ba kafin alfijir, ya jefa Hajjinsa cikin haɗari.

Abin da ke sa mutum ya sayar da bijiminsa ya jure wannan wahala shi ne albishir ɗin da ya tabbata a hadisai ingantattu, cewa Hajji karɓaɓɓe na kankare zunubai kuma sakamakonsa Aljanna. Sai dai malamai na jan kunne cewa haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da tsayuwar Arfa. Shi ya sa maniyyaci ke bi gida-gida neman yafiya, ya biya bashi, ya warware rigimar iyakar gona kafin ya ɗauki jaka.

Duk wannan ana koyar da shi a bitar da hukumar alhazai ke shiryawa a ƙananan hukumomi. Can ne mace za ta ji yadda za ta yi idan al'ada ta zo mata kafin ɗawafin Ifada, tsoho ya san lokacin da ya halatta ya wakilta wani ya yi masa jifa, kowa kuma ya ji batun zafi, wanda a Hajjin 2024 ya yi sanadin rasuwar mutum fiye da 1,300, akasarinsu marasa izinin Hajji. Mai bijimai ya iya sayen kujera a yini ɗaya, amma sanin rukuni da wajibi sai ya zauna gaban malami ya tambaya tun yana gida.