Mudun Baƙo a Kasuwar Kafanchan

Duk matar da ta taɓa auno acca a Kafanchan, ta kuma auno a Kaduna, ta san mudu suna kawai suka tara. Wani mai awon zai cika miki har ya yi tsororo, ya ɗora gyara, wani kuwa ya shafe bakin da tafin hannu ya juye. Wadda ba ta taɓa wuce kasuwar garinsu ba za ta rantse duk duniya awo ɗaya ake yi. To, masanan nan da ke barin ƙasarsu su tare cikin wata al'umma, su bi diddigin aurenta da sarautarta da gadonta, sannan su gwada da na wata al'ummar, sana'arsu ke nan: yawon kasuwanni da mudu a hammata. Kudancin Kaduna kuwa ya ga masu awo iri-iri.

Wanda ya fara yin suna shi ne Manjo Tremearne, soja haifaffen Ostareliya, da ya yi aiki a ƙasar Jama'a farkon zuwan Turawa. Ba rago ba ne. Ya ji Hausa, har ya bi Hausawan Tunis da Turabulus don ya ga ko borinsu ya yi daidai da na gida, ya fitar da littafi a kai a 1914. Sai dai mudunsa bugagge ne tun daga gida, irin wanda aka dake gindinsa da guduma: daga waje cif, daga ciki ya cinye rubu'i. A wurinsa Bature ne cikakken awo, kowa ragi ne. Ya ga adon da matan aure na Kagoro ke ɗaurawa ta baya, sai ya sa wa littafinsa na 1912 sunan da ke cewa mutanen masu wutsiya ne, masu farautar kawuna. Mai awon da ya shigo kasuwa da sojoji a bayansa, wa ya isa ya ce masa mudunka bai cika ba?

Wanda ya fi jan hankalina shi ne M. G. Smith. An haife shi a Jamaika a 1921, ya yi karatu a Landan, ya sauka lardin Zariya a 1949 tare da matarsa Mary, wadda ta zauna da Baba mutuniyar Karo ta rubuta labarin rayuwarta. Gwamnatin Ingila ce ta biya kuɗin aikin, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma shi ma ɗan ƙasar da Turawa ke mulka ne, kuma da ya gangaro kudu bai auna Kagoro da Landan ba. Ya auna ta da maƙwabtanta, Adara. Dabarar ke nan. Wanda ke son sanin ko dawar wannan rumfa ta fi ta waccan, sai ya zuba su cikin kwano ɗaya bi da bi, ba ya ɗauko farashin alkamar wata ƙasa.

Abin da ya auna shi ne wata tsohuwar al'adar aure. A wancan zamani, a ƙasashen biyu, mace na iya tashi daga gidan miji ta tare a gidan wani, auren farko kuma bai mutu ba, tana iya komawa. Baƙon da ya zo da mudun garinsu zai ce ai wannan rashin tsari ne. Smith ya zauna ya bi gida-gida, ya tarar abin na da dokoki masu tsauri: akwai waɗanda aka haramta wa ɗaukar matar juna, akwai waɗanda aka yarje wa, kuma wannan layin ne ke nuna wane ne naka, wane ne bare. Da ya jera Kagoro da Adara sai ya ga hatsin iri ɗaya ne, awon ne ya bambanta, kuma bambancin na bin yadda kowace al'umma ta tsara danginta da garuruwanta. Ya buga wannan a 1953. Da gari ɗaya ya tsaya, da bai gane wanne ne hatsi, wanne ne kwano ba.

Daga nan ya naɗe buhunsa ya koma gida, ya je tsibiran Giranada da Carriacou yana yi wa jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka irin tambayoyin da ya yi a nan: wa ke auren wa, ɗa na wane gida ne, wa ke da ta cewa. A can ya ɗauki wani ma'aunin da ya aro daga J. S. Furnivall, Baturen da ya yi nazarin Bama da Indunusiya. Furnivall ya ce akwai ƙasashen da mulkin mallaka ya tara al'ummu daban-daban, kowace da addininta da harshenta, ba inda suke haɗuwa sai kasuwa, kuma ƙarfin mai mulki ne kaɗai ke riƙe da su. Smith ya auna Jamaika da shi, ya fitar da littafi a 1965. Dubi tafiyar kwano ɗaya: an ƙera shi a Asiya, mutumin da ya koyi awo a Zazzau ya ɗauka, ya yi ciniki da shi a Karebiyan.

To, a dawo da shi Kafanchan mana. Garin da jirgin ƙasa ya raya a shekarun 1920, ya tara Fantswam da Bajju da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa, kamar don shi aka ƙera kwanon. Tarzomar Maris 1987 da ta tashi daga Kwalejin Ilimi za ta sa mutum ya gyaɗa kai. Rikicin Zangon Kataf na 1992 ma a kan batun ɗage kasuwa ya faro. Amma ni a ganina kwanon na zubar da hatsi ta gefe. Ina zai sa Hausar da kowa ke ciniki da ita, ake huɗuba da ita a masallaci, ake waƙa da ita a coci? Ina zai sa gidajen da wa Musulmi ne, ƙane Kirista? Mutanen nan ba a rumfa kaɗai suke haɗuwa ba, suna haɗuwa a biki da makoki.

Shi ya sa na ji daɗi da 'yan gida suka karɓi awon. Toure Kazah-Toure na Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan ƙasar Atyap, ya rubuta a 1999 a wata mujallar masanan Afirka da ke fita daga Dakar, ya bi saiwar rikicin zuwa ga filaye, da haraji, da hakiman da aka ɗora wa mutane daga Zazzau. Ɗan gida ya san buhun da aka yi wa algus tun kafin a kwance bakinsa. Amma shi ma yana da rumfa a kasuwar, yana da dangi, don haka yana bukatar idon baƙo kamar yadda baƙon ke bukatar nasa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne har yau fataucin hanya ɗaya yake bi. Tsofaffin Kagoro sun zauna sun amsa tambayoyi, ba su rage komai ba, amsoshin kuma suna can cikin Turanci a ɗakunan karatu na ƙetare, jikokinsu ba su ko ga gyara ba. Ya kamata a juya rubuce-rubucen nan zuwa Hausa da Tyap da Jju, a karanta wa dattawa su ce nan ya cika, nan bai cika ba. Ya kamata kuma reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da kwalejin Gidan Waya su fara tura ɗalibai su ma su yi awo a kasuwar wasu. Ba sai an fara da jirgin sama ba. Zangon Kumasi na nan, inda Bahaushe ne baƙo, ƙasa da sarauta kuma na Asante. Ɗalibar da ta tashi a Zangon Kataf ta yi wata shida a can, tana tambayar wa ke raba fili, wa ke karɓar kuɗin rumfa, yaya ake sasanta faɗa, za ta dawo da tambayoyin da Tremearne da Smith ba su yi ba.