Obin Ya Ƙi Zafi: Tace Gaskiya Daga Cikin Jita-jita

Ana saura sati ɗaya ko biyu Sallah, lokacin da oda ta yi wa masu kek da kukis yawa, a nan ne obin ya fi nuna hali. A kwaɓa fulawa da bota mai tsada, a zuba a gwangwani, a jira minti 40, a buɗe a tarar kek na nan kwance, samansa fari fat, cikinsa ɗanye. Daga nan shawara za ta fara kwararowa. Maƙwabciya ta ce ruwa masu gas suka zuba a tukunya, ƙanin miji ya ce elemen ne ya ƙone, ƙawa ta ce obin in ya fara haka sai dai a sayi sabo. Wasu daga cikin maganganun gaskiya ne, wasu rabi da rabi, wasu kuwa in aka bi su gobara ce.

A obin na lantarki, maganar da ta fi yawo ita ce in dai fitilar ciki ta kama kuma fanka na juyawa, to ba matsalar wuta ba ce. Wannan ba haka yake ba. Ƙwan fitilar obin galibi bai wuce wat 15 zuwa 40 ba, fanka ma kaɗan take ci. Abin da ke kawo zafi shi ne elemen, wato sandar ƙarfen nan da aka lanƙwasa, mai jan wajen wat 2,000. A obin mai fanka akwai elemen zagayayye da ya kewaye fankar a bayan murfin ƙarfe na bangon ciki, inda ido ba ya gani. In shi ya mutu, fitila za ta haska, fanka ta yi ta kaɗa iska mai sanyi, mai kek tana zaune tana jira.

Masu ɗora laifi kan wutar NEPA kuwa sun fi kowa gaskiya, har ma fiye da yadda suke zato. Obin ɗin da ake sayarwa a Najeriya da Nijar an ƙera shi ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Idan ƙarfin wutar ya ragu, zafin da elemen ke bayarwa ba daidai da raguwar yake sauka ba, ninkawa yake yi. Elemen mai wat 2,000 a bolt 230, in wuta ta sauko bolt 180 zai ba da wat 1,200 da ɗoriya ne kawai. In ta kai bolt 160, bai kai rabin ƙarfinsa ba. A unguwar da taransifoma ta yi wa gidaje kaɗan, obin ɗin da ya gasa kek lafiya da hantsi zai iya gagara da magariba, sa'ad da kowa ya kunna kayansa. Ƙaramin janareta mai wat 900 ba zai ɗauke shi ba, haka ma sitabilaizar talabijin ko ta firji. Jona shi a doguwar waya siririya ta sayen kasuwa ma wata asarar ce: wayar ke ɗumi, zafin da ya kamata ya shiga obin ya tsaya a hanya, wata rana ta narke.

Akwai wata magana mai kama da zolaya amma gaskiya ce tsagwaronta: obin na ƙin aiki saboda agogo. Yawancin obin masu agogon lantarki, da zarar an ɗauke wuta an dawo da ita, lambobin sai su riƙa ƙyaftawa, kuma obin ba zai saki zafi ba sai an sake saita lokacin. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, ba ƙaramin abu ba ne. Kafin a kira mai gyara ya karɓi kuɗin mota, a duba agogon.

Ana kuma cewa elemen in ya ƙone dole a ga alama. Wani lokaci akan gani: kumburi, tsagewa, ko wani tabo fari-fari a jikin sandar. Sau da yawa kuwa siririyar wayar da ke cikinsa ce ke tsinkewa, waje na nan sumul. Mitar gwaji ta masu gyaran wuta ce ke raba gardama. A zare obin daga soket tukuna, ko a kashe layinsa daga akwatin fiyus, sannan a cire wayoyin elemen a ɗora mita. Mai wat 2,000 lafiyayye zai nuna wajen om 26. In mitar ba ta motsa ba, ya mutu. Canza shi aikin sukurori ƙalilan ne da wayoyi biyu, don haka batun sai an sayi sabon obin bai ma taso ba. Abin da ya kamata a ƙi shi ne dabarar wasu masu gyara ta tsallake ɗan fiyus ɗin zafi da guntuwar waya. Wannan fiyus shi ke yanke wuta in obin ya wuce ƙima, kuma in ya yanke, da dalili, galibi fankar sanyaya jiki ce ta tsaya ko tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafi, ya lalace.

Wani obin kuma lafiyarsa ƙalau, lambobin jikin makunninsa ne ba a fahimta ba. Na hannu da ake shigowa da su daga Amurka da ma'aunin Farenhait suke aiki, alhali galibin masu koyar da kek a nan da ma'aunin Selsiyos suke magana. Digiri 180 na Selsiyos daidai yake da kusan 350 na Farenhait. Wadda ta saita 180 a obin ɗin Amurka, in ma ya yarda ya sauka can, zafin da take samu 82 ne kacal a Selsiyos, ko ruwa ba zai tafasa ba. Na gas da suka fito daga Ingila kuma lamba 1 zuwa 9 suke ɗauke da ita, lamba 4 ce ke daidai da 180.

Ko a obin ɗin da lambarsa ke daidai, yarda da makunni ido rufe kuskure ne. Tamostat ba ya riƙe zafi a tsaye. Kunna elemen yake yi yana kashewa, zafin na hawa yana sauka. Ɗan ma'aunin zafi da ake ratayawa a ragar obin shi ke faɗin abin da ke ciki. In babu shi, sukari ma ya isa shaida, domin a wajen digiri 186 yake narkewa. A zuba cokali ɗaya a faranti, a sa a obin da aka saita a 200, a bar shi minti 15. In ya fito yana nan gari, obin na ƙasa da abin da yake iƙirari. Sannan fitilar da ke mutuwa don nuna obin ya yi zafi, iskar ciki kawai ta auna. Masu gurasa a Jakara ta Kano ba sa manna ƙulli a tanderu sai bangonsa ya sha wuta sosai, kuma bangon obin ma haka yake, yana son minti 15 zuwa 20 kafin a sa masa kek.

A ɓangaren gas ne jita-jita ta fi haɗari. Abin da ake ji yana motsi in an girgiza tukunya ba ruwa ba ne, gas ɗin ne da kansa, wanda matsi ya mayar ruwa-ruwa. Mai zargin an tauye masa mudu, sikeli zai nema: nauyin tukunyar ba komai a rubuce yake a jikinta, sai a cire shi daga abin da sikeli ya nuna, a ga ko kilo 12.5 ɗin da aka saya ya cika. Haka nan ba gaskiya ba ne cewa tukunya in ta kai rabi wutarta na raguwa. Muddin akwai sauran ruwan gas a ciki, matsinsa bai dogara da yawansa ba, da ɗumin tukunyar ya dogara. Inda maganar ke da ƙamshin gaskiya shi ne in gas ya kusa ƙarewa, ga sanyin hunturu irin na Jos, ga obin da kawunan girki duk a kunne. Nan tukunyar kan yi sanyi har ta yi raɓa, wuta ta yi lako-lako. Maganinsa a canza tukunya. Kwantar da ita a gefe ko kifa ta yana iya tura ruwan gas cikin regileta da tiyo, wuta ta tashi bal-bal. Ɗumama ta kusa da murhu kuwa bai cancanci a tsaya muhawara a kai ba.

Sai batun allura. Idan wutar obin ta ƙanƙance, akan ce a tsokale hancin da gas ke fitowa. Toshewar gaskiya ce, maiƙo da ɓurɓushi kan cika shi, amma hancin na tagulla ne mai laushi, ramin kuma an auna shi daidai. Allura na faɗaɗa shi, daga nan wuta ta koma ja tana baƙanta gindin gwangwani. A kwance shi a wanke, a hura masa iska. Irin wannan jar wutar ce ake gani a kukar hannu ta Turai, inda gidaje da yawa ke amfani da gas na bututu, wanda hancinsa ya fi na gas ɗin tukunya faɗi. Sai an canza hancin zuwa na tukunya kafin wutar ta dawo shuɗiya.

Obin ɗin da ke kamawa in an danne makunni, ya mutu da zarar an saki, ba gas ne ya yi masa kaɗan ba. Kusa da bakin wutar akwai ɗan tsinken ƙarfe da masu gyara ke kira tamokopul, aikinsa ya tabbatar wuta na ci kafin ya bar gas ya ci gaba da fita. Yana buƙatar a danne makunnin daƙiƙa 10 zuwa 15. In an yi haka bai riƙe ba, ko ya yi datti, ko ya goce daga harshen wutar, ko ya mutu. Cusa takarda ko tsinke don makunnin ya zauna a danne yana nufin ranar da iska ta kashe wutar, gas zai cika obin. Duk inda aka taɓa mahaɗar gas, da ruwan sabulu ake neman yoyo, a duba inda yake kumfa, ba da ashana ba.

Shimfiɗa takardar alminiyam a ƙasan obin don gudun datti yana toshe ramukan da zafi ke hawowa ta cikinsu, kuma a na gas yana iya hana wutar iska har ta fitar da guba irin ta hayaƙin janareta. Tiren yashi ko gishiri da wasu ke ajiyewa a ragar ƙasa yana hana gindin kek ƙonewa, wannan kam an gwada an gani, sai dai ba ya ƙara zafi, jinkirta ɗumamar obin ma yake yi.

Robar bakin ƙofa ce ake yawan mantawa. A saƙale takarda a rufe ƙofar a kanta, a ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, ta nan zafi ke tserewa, ko robar ta saki ko hinjin ƙofar ya gaji. Mai zuwa kasuwa neman roba, elemen ko tamokopul, kamar Sabon Gari a Kano, ya ɗauki hoton lambar samfurin da ke manne a gefen ƙofar ko bayan obin, ya kuma tafi da tsohon a hannu, domin elemen biyu kan yi kama a ido amma wat ɗinsu da tazarar ramin sukurorinsu su bambanta.