Hannun Makaɗi: Daga Gurmi Zuwa Fiyano

A ƙasar Gumel, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, ko a rumfunan kasuwar Maigatari ranar Alhamis, in aka saka tsohon kaset ɗin Haruna Uji na Haɗeja, manya kan gane gurminsa tun bai buɗe baki ba. Hannunsa suke ganewa. Duk mai irin wannan kunnen ya riga ya mallaki abin da ake bukata don jin daɗin manyan makaɗan fiyano.

Fiyanon da muke magana a kai daban yake da na situdiyon Kano mai aiki da lantarki. Ƙaton akwatin katako ne mai maɓallai 88, da tsirkiyar ƙarfe sama da 200 a cikinsa. Wani mutumin Italiya, Bartolomeo Cristofori, shi ya ƙera na farko wajen shekarar 1700. Da an danna maɓalli, sai wata 'yar guduma mai lulluɓin ulu ta bugi tsirkiya ta koma mazauninta. A nan wuyar take. Mai goge na iya jan sauti, ya ƙara masa ƙarfi yana cikin tafiya, amma sautin fiyano yana fitowa yake fara mutuwa. Dole gwani ya yi wa kunne dabara, ya auna nauyin kowane yatsa, har bugun ɗai-ɗai ya haɗu ya zama kamar muryar mai rera waƙa. Da wannan makaɗin fiyano Arthur Rubinstein ya yi suna a kiɗe-kiɗen da Chopin ya rubuta.

Makaɗanmu su ke ƙirƙirar kiɗansu. Su kuwa makaɗan fiyano, galibi abin da wani ya rubuta tun ɗaruruwan shekaru suke kaɗawa, ba ragi ba ƙari. To ina gwanintar?

Ga misali: makaɗin fiyano Glenn Gould ɗan Kanada ya naɗi kiɗan da Bach ya rubuta mai suna Goldberg Variations a 1955, yana saurayi, cikin ƙasa da minti 40, yatsu na gudu kamar ana korarsu. A 1981, shekara guda kafin rasuwarsa, ya sake naɗar shi, ya kai kimanin minti 51. Rubutun bai canza ba. Ya dai rage sauri, ya maimaita wasu sassa da ya tsallake a da, ya bar kowane sauti ya gama maganarsa kafin na gaba ya shigo. Na farkon ne ya fito da sunansa. Ni dai na biyun nake komawa. Mai kasa kunne ma zai ji shi yana gunguni a ƙasa-ƙasa yana bin kiɗan, ɗabi'ar da ta sha ba masu naɗar sauti ciwon kai.

Mai koyon sauraro ya fara da hannun hagu. Dama ce ke ɗauke da karin da kowa ke ji, amma a wajen Bach hagu ma tana da nata zancen, kuma Gould ba ya barin ɗaya ta danne ɗaya.