Gyaran Keken Tsere a Birnin Zazzau: Inda Ya Dace Kuɗi Su Tafi

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, keke ya fara maido da martabar da babur ya ƙwace masa, domin malaman makaranta da ɗalibai da ƙananan ma'aikata da yawa a birnin Zazzau sun ga cewa kuɗin zirga-zirgar yau da kullum ya fi ƙarfin aljihunsu. Tare da tsohon baƙin keke da aka saba gani, an samu ƙaruwar kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda ake yi wa laƙabi da na Beljiyam, kuma a cikinsu akwai keken tsere, wato mai siraran tayoyi da lanƙwasasshen kai da giya masu yawa, wanda aka ƙera shi domin gudu a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Wanda ya sayi irin wannan keke yakan tarar da wasu sassansa sun gaji, kuma tun da kuɗin hannunsa ba za su isa sabunta kome da kome ba, tilas ne ya san abin da zai fara canzawa da abin da zai ƙyale.

Masu gyaran keke na birni sun koyi sana'arsu ne a kan baƙin keke irin su Raleigh, wanda asalinsa daga Nottingham ta Ingila yake kuma a da aka daɗe ana harhaɗa shi a Kano, da Phoenix na birnin Shanghai a ƙasar Sin, kekunan da aka yi su domin ɗaukar buhu da jure wahala. Keken tsere kuwa tarbiyyarsa daban ce, saboda masu ƙera shi rashin nauyi suke fafutukar samu, har ta kai hukumar tseren kekuna ta duniya ta kafa doka a shekarar 2000 cewa kada nauyin keken gasa ya gaza kilo 6.8. Daga nan ne tallace-tallace suka cusa wa mutane ra'ayin cewa duk wani gyara mai amfani rage nauyi ne, alhali lissafi bai goyi bayan haka ba ga mai hawan yau da kullum. Idan mutum mai kilo 70 ya hau keke mai kilo 12, jimillar abin da ƙafafunsa ke turawa kilo 82 ne, saboda haka ko ya kashe kuɗi mai yawa ya rage kilo guda, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari da ɗan ɗoriya ba. Nauyi a wurin hawan tudu yake nuna kansa, ƙasar Zariya kuwa shimfiɗaɗɗiya ce in ban da duwatsu irin su Kufena, kuma mai fita daga Ƙofar Doka ya bi ta Tudun Wada zuwa Sabon Gari ko Samaru ba ya cin karo da hawan da zai sa ya ji bambancin kilo ɗaya.

Abin da ya fi cancantar kuɗin farko shi ne taya, domin ita kaɗai ce ke taɓa ƙasa, kuma ita ce ke fara shan wuyar lungunan Kwarbai da Kaura da Limancin Kona, inda yashi da tsakuwa da fasasshiyar kwalba da bakin kwata suke jiran mai wucewa. Tsofaffin kekunan tsere sukan zo da taya mai faɗin milimita 23, wadda ke bukatar iska mai tsanani kafin ta ɗauki mutum, kuma da zarar iskar ta ɗan ragu aka faɗa rami, sai bakin rim ya matse tif ya huda shi wuri biyu kusa da juna kamar saran maciji. Mai faci da ya ga irin wannan huda ya san ba ƙusa ce ta yi ta ba. Taya mai faɗin milimita 28 ko 32 tana ɗaukar iska da yawa, tana shanye gargadar hanya, kuma ba ta rage gudu a kan kwalta marar santsi, shi ya sa ko 'yan tseren Turai suka bar sirarar suka koma masu ɗan faɗi a 'yan shekarun nan. Sharaɗin kawai shi ne a duba ko akwai sarari tsakanin taya da jikin keke da kuma birki, domin tsohon firam ba kowace taya yake karɓa ba.

A wajen sayen tayar ne mutane da dama ke yin asara, saboda ruɗanin awo. Rim ɗin keken tsere na zamani faɗinsa daga baki zuwa baki milimita 622 ne, na wasu tsofaffin kekunan Ingila masu inci 27 milimita 630 ne, na baƙin keke mai inci 28 kuma milimita 635, kuma duk da kusancin waɗannan lambobi tayar ɗaya ba ta zama a kan ɗaya. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne a wasu ƙasashen Turai ana rubuta inci 28 a jikin taya mai 622, don haka abin dogaro shi ne lambobi biyun da ke gefen taya, misali 28-622, inda ta farko ke nuna faɗin taya ta biyu kuma girman rim. Haka nan bawul ɗin keken tsere, wanda ake kira Presta, siriri ne, bakin famfon masu facin babur ba ya kama shi, sai an ɗaura masa wani ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla, wanda ya kamata ya zauna a aljihun mai keke kullum. Ƙyallen da ke kwance a cikin rim yana rufe kawunan wayoyin ƙafar keke shi ma abin dubawa ne, don in ya yage tif zai riƙa hujewa daga ciki, a yi ta faci ba a gane dalili ba.

Bayan taya sai birki, kuma a nan magana ta wuce ta jin daɗi ta zama ta tsira da lafiya. Duk wanda ya san cunkoson Babban Dodo da bakin kasuwar birni, inda 'yan acaɓa da masu Keke Napep da yara 'yan makaranta da awaki ke haɗuwa a hanya ɗaya, ya san cewa iya tsayawa ya fi iya gudu muhimmanci. Robar birki da ta shekara da shekaru tana bushewa ta yi tauri, tsakuwa kuma na maƙalewa a cikinta tana cin gefen rim, wayar birki ita ma tana tsatsa a cikin bututunta har hannu ya gaji kafin ta kama. Sabuwar roba da sabuwar waya suna cikin mafi arahar kayan keke, amma babu canjin da mai hawa zai ji nan take kamar nasu. Idan rim ɗin na ƙarfe ne mai ƙyalli, to lalle a sani cewa birki ba ya kama shi sosai in ya jiƙe, kuma a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka a Zariya, wannan kaɗai ya isa dalilin neman rim na alminiyam.

Sarƙa kuwa kulawa take bukata fiye da sauyi. Al'adar shafa mata baƙin mai, wato wanda aka juye daga inji, tana cutar da ita, musamman da hunturu, domin ƙura na manne wa man ta zama ƙullu mai cin ƙarfe. Abin da ya dace shi ne a wanke ta da kananzir, a ɗiga mata mai marar kauri, sannan a goge na waje da tsumma. Tsakanin kowace ƙusa ta sarƙa da mai bi mata rabin inci ne, saboda haka ana iya gane tsufanta da abin awo: idan tsawon da ya kamata ya zama inci 12 ya ƙaru da kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci, lokacin canza ta ya yi, in kuwa aka bar ta sai ta cinye haƙoran giya, kuɗin gyara ya ninka. Ƙafar keke ma haka take: mai wayoyi 32 ko 36 ta fi dacewa da hanyoyin birni a kan mai wayoyi kaɗan, kuma ladan da za a ba ƙwararren mai gyara ya daidaita ta, ya sa mata sabon boris da giris, ya fi sayen wata sabuwa riba.

Inda kuɗi ke salwanta shi ne wajen giya da kayan ƙawa. Kamfanonin Shimano na Japan da Campagnolo na Italiya suna da kaya hawa-hawa, amma giya mai faranti 7 ko 8 da aka saita da kyau ta wadatar a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, sarƙarta kuma ta fi kauri da sauƙin samu a kan ta mai faranti 11, wadda in ta tsinke sai an yi cigiya har Kano ko Kaduna. Firam ɗin zaren kabon, wani abu marar nauyi da ake haɗawa da zare da danƙo, yana iya ɗauke da tsaga da ido ba ya gani, musamman na gwanjo, kuma mai walda ba shi da abin da zai yi masa, alhali firam na ƙarfe ana gyara shi a bakin titi. Sirdi ma sau da yawa ba canji yake so ba, ɗaga shi kawai ake bukata har ƙafa ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, abin da ke raba mutum da ciwon gwiwa ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Saboda haka mai keken tsere a birnin Zazzau ya fara da taya mai faɗi da tif mai kyau, ya bi da robar birki da wayarta, ya kula da sarƙa, sannan in akwai saura ya sayi fitila ta gaba da ta baya da hular kwano, tun da yawancin lungunan birni ba su da haske bayan magariba. Duk wani kayan da mai gyara na unguwa ba zai iya kwance shi ya mayar ba, ko kuma ba a samun madadinsa a Sabon Gari, bai cancanci kuɗin mai hawan yau da kullum ba.