Kyauta na Jiki Magayi da Binciken Masana Halayyar Yara

Ɗaliban da suka karanta Jiki Magayi, littafin John Tafida da Rupert East da aka wallafa a Zariya bayan gasar ƙagaggun labarai ta 1933, ba za su manta da Kyauta ba. Attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya auri Zainabu, wadda Abubakar yake so. Shi kuwa Abubakar sai ya ɗauki fansa a kan ɗan da suka haifa, ya yi masa asiri. Kyauta ya tashi ɓarawo, ƙarshenta ya kashe mahaifinsa ba da saninsa ba. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne ganin yaro yana lalacewa saboda rigimar da aka ƙulla tun kafin a haife shi.

Marubutan sun jingina lalacewar Kyauta ga sammu. Masana halayyar ɗan Adam kuwa sun binciki irin waɗannan yara ta wata hanya dabam. A 1944, wani likita a Landan mai suna John Bowlby ya nazarci yara ɓarayi 44. Ya tarar 14 daga cikinsu ba sa shaƙuwa da kowa, kuma 12 daga cikin waɗannan 14 an raba su da uwayensu na dogon lokaci tun suna ƙanana. A 1998 kuma, Vincent Felitti da Robert Anda suka fara fitar da sakamakon binciken da ya ƙunshi manya fiye da 17,000 a Amurka. Sun gano cewa gwargwadon yawan masifun da mutum ya gani a gida yana yaro, kamar duka da rabuwar iyaye, gwargwadon haɗarin faɗawarsa cikin shaye-shaye da ciwon damuwa har da ciwon zuciya.

Dalilin haka yana cikin jiki. Idan yaro ya tsorata, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda sukan saki sinadarin kotisol, wanda ke shirya jiki don gudu ko kare kai. Idan tsoron na kullum ne, sai jiki ya kasa komawa hutu. Daga nan barci ya lalace, hadda ta yi wuya, fushi ya riƙa zuwa da wuri. Alamomin da akan gani sun haɗa da fitsarin kwance bayan an daina, da razana cikin barci, da ɗauke-ɗauke, da shirun da ya wuce ƙima.

Wannan darasi ya shafi malaman makarantun Gwarzo da Kabo da ƙauyukansu, inda sau da yawa malami ne ke fara lura da sauyin ɗalibi. Kafin a ce yaro ya kangare a ɗauko bulala, ya kamata a tambayi halin da ake ciki a gidansu: ko an saki mahaifiyarsa, ko an ba da shi riƙo, ko rikicin kishiyoyi ya rutsa da shi. Bincike ya nuna cewa samun babba ɗaya mai kulawa da yaro a kai a kai, ko kaka ko kawu ko malami, yana rage wannan illa ƙwarai. Idan abin ya tsananta, sai a kai shi Babban Asibitin Gwarzo, daga can a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara sukan warware idan an tare matsalar da wuri.