Masu Tsawatar wa Garkuwar Jiki: Halin da Suke Shiga Idan HIV ta Kama Mutum

A shekarar 2025 an ba masana uku, Shimon Sakaguchi na Japan da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka, kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda binciken da suka yi kan wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira Treg. Sakaguchi ya bayyana su a 1995, sauran biyun kuma suka gano ƙwayar gadon FOXP3 a 2001, wadda daga baya aka tabbatar ita ke sarrafa su. Aikin waɗannan ƙwayoyi shi ne tsawatar wa garkuwar jiki, kada ta wuce gona da iri har ta afka wa jikin da take karewa.

Treg daga dangin fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4 suke, kuma ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na dangin ba. To, CD4 ɗin nan ita ce ƙofar da HIV ke bi ta shiga, don haka masu tsawatarwar ba su tsira daga harinta ba. Sai dai raguwarsu ba ta kai saurin ta 'yan'uwansu ba. Shi ya sa idan cutar ta daɗe ba a sha magani ba, ainihin yawansu a jini yakan ragu, amma kasonsu a cikin ƙwayoyin CD4 da suka saura yakan ƙaru. Wasu kuma sukan taru a hanji da ƙullutun da kan kumbura su zama kaluluwa, inda HIV ta fi hayayyafa.

Shin wannan taruwa alheri ce ko sharri? Gaba kura ce, baya sayaki. HIV tana hana garkuwar jiki hutu, ta bar ta cikin kumburin da ba ya lafawa, wanda ke gajiyar da ƙwayoyin kariya, yana kuma samar wa cutar sababbin ƙwayoyin da za ta kama. A nan tsawatarwar Treg na da amfani. Amma tsawar ba ta zaɓe: tana kuma raunana ƙwayoyin CD8, masu farautar duk ƙwayar da HIV ta ɓuya a ciki.

Lamarin ya fi tsanani a hanji. Tun makonnin farko cutar ke karkashe ƙwayoyin Th17, masu tsaron bangon hanji, sai ma'auni tsakaninsu da Treg ya karkace. Bangon ya yi rauni, ɓurɓushin ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji ya riƙa tsallakawa cikin jini, kumburi ya ƙaru. Ban da haka, sinadarin TGF-beta da Treg ke fitarwa don kwantar da tarzoma yana haddasa tabo a cikin ƙullutun kaluluwa, wurin da sababbin ƙwayoyin CD4 ke samun abin da zai raya su. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa wasu da suka makara wajen fara magani adadin CD4 ɗinsu ba ya farfaɗowa sosai.

An taɓa gwada cike giɓin da ƙarfi. A manyan gwaje-gwaje biyu, ESPRIT da SILCAAT, da aka fitar da sakamakonsu a 2009, an haɗa wa dubban marasa lafiya allurar sinadarin IL-2 da maganinsu. Adadin CD4 ya hau, amma ciwo da mutuwa ba su ragu ba. Bincike ya nuna da yawa daga ƙwayoyin da suka ƙaru masu siffar Treg ne. Ashe yawa kaɗai bai isa ba, sai an san irin ƙwayoyin da suka yawaita.

Maganin rage kaifin cutar kuwa yakan mayar da kason Treg kusa da yadda yake a da, duk da cewa hanji kan daɗe bai murmure ba. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara bai wa duk mai ɗauke da HIV magani, komai yawan CD4 ɗinsa. Don haka a je a yi gwaji, wanda kuma aka samu da cutar ya fara shan magani ba tare da jinkiri ba, tun kafin ɓarnar ta yi nisa.