Abubuwan da ya kamata ka sani game da waƙa, rarrashin yara da karatunsu a gida

Duk wanda ya tashi a gidan da ake goyo ya sha ganin wannan. Jariri ya tsala kuka, an ba shi nono ya ƙi, sai kaka ta karɓe shi ta saɓa a kafaɗa, tana jijjiga shi tana rera waƙar reno ƙasa-ƙasa, kafin a ankara ya yi lamo. A gidaje da yawa yau waya ce ke wannan aikin, kuma iyaye suna tambaya ko duk ɗaya ne.

Da gaske waƙa tana kwantar da jariri?

Ƙwarai kuwa. Jariri yana fara jin sauti tun yana ciki, wajen wata na shida, kuma yana zuwa duniya ya riga ya san muryar uwarsa. A 2015 masu bincike a Jami'ar Montreal ta Kanada sun kunna wa jarirai waƙar yara da harshen Turkiyya, wanda ba su taɓa ji a gida ba. Jariran sun yi kusan minti 9 kafin su fara ƙunci, alhali da aka kunna musu magana zalla kusan minti 4 suka yi. Ke nan ba ma'anar kalmomin ke aiki ba. Maimaici ne, da sanyin murya, da sautin da ke tafiya a hankali ba ya ba da tsoro.

An kai abin har asibiti. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2013, kan bakwaini 272 a asibitoci 11, ya nuna cewa rera musu waƙa a gefen gadonsu yana sassauta bugun zuciyarsu, yana kuma taimaka musu wajen tsotso.

Sai dai waƙa ba magani ba ce. Kukan da ya haɗu da zazzaɓi, ko amai, ko ƙin kama nono, asibiti yake nema.

Waya ko bakin uwa?

A ganina bakin uwa ya yi wa waya nisa. Mai rera waƙa tana kallon fuskar yaron: idan ya fara lumshe ido ta sassauta, idan ya zabura ta ƙara rungume shi. Yana jin ɗuminta, yana jin motsin ƙirjinta. Waya ba ta san ya yi barci ba, kuma tana iya jefo talla mai ƙara a tsakiyar waƙa.

Ga kuma matsalar kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. In dole sai an kunna, a kife wayar, sauti kawai ya ji.

Kiɗa yana ƙara basira?

Nan ne ake yi wa iyaye romon baka. A 1993 aka gwada ɗaliban jami'a a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka saurari kiɗan wani makaɗin Turai mai suna Mozart na minti 10, sai suka ɗan fi ƙoƙari a wata jarrabawar siffofi. Ƙarin bai wuce minti 15 ba ya gushe, kuma babu jariri ko ɗaya a gwajin. Duk da haka labarin ya bazu har gwamnan jihar Jojiya ta Amurka ya nemi a 1998 a riƙa ba kowane sabon jariri faifan irin wannan kiɗa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar da cewa sauraro kawai yana ƙara wa yaro ƙwaƙwalwa ba.

To ina amfanin waƙa a karatu?

A hadda. Abin da aka ɗora a kan kari da amo ya fi zama a kai, kuma mu ba baƙi ba ne a wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta isar da ilimi ga matan karkara: jaji, wato jagorar mata masu neman ilimi, ta haddace, ta koma ƙauyensu ta koyar da 'yan taru, wato matan da ke taruwa don karatu. Har gobe 'yan Islamiyya da rauji suke riƙe watannin Musulunci da ƙidaya. Uwa za ta iya yin haka da haruffa, da ranakun mako, da sassan jiki, tana tuƙa tuwo yaro na amsawa yana tafi. Waƙar da ke shiga tsakiyar tatsuniya ma tana koya masa sababbin kalmomi da jiran lokacin amshi.

Amma hadda daban, fahimta daban. Akwai yaron da zai rero jadawalin lissafi tiryan-tiryan, ka tambaye shi bakwai sau takwas sai ya koma daga farko. Idan ya gama rerawa, a zube masa tsakuwoyi ya ƙirga da hannunsa.

Yaushe za a kashe?

Lokacin aikin gida da ke buƙatar karatu. Waƙa mai kalmomi tana raba hankalin mai karanta rubutu, balle yaron da yake haɗa baƙi. A kuma kula da ƙara, musamman abin sauraro da ake maƙalawa a kunne. Idan kana kusa da shi ka yi magana bai ji ba, ƙarar ta yi yawa, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Gidan da ba a son kiɗa fa?

Malamai sun saɓa a kan kayan kiɗa, kuma kowane gida da fahimtar da yake bi. Duk abin da aka faɗa a nan murya kaɗai ta isar masa, ba sai da ganga ko fiyano ba. Ba kuma sai mai zaƙin murya ba, domin jariri wadda ya saba da ita yake so.

Iyaye maza, wannan aikin har da ku. Yau da daddare a ajiye waya, a ɗauki yaro a rera masa, in an manta waƙar a tambayi kakarsa.